Minti Bakwai na Baba Tanko

A Madarumfa, duk wanda salularsa ta faɗa ruwa, ko hotunan bikinsa suka ɓace, wurin Sama'ila ake tura shi. Shi ne mai kula da na'urori a Rediyo Bakin Tabki, ƙaramar tashar nan ta bayan kasuwa, mai ɗaki biyu da dogon ƙarfen eriya. Yana da kirki, yana da hannu a aiki, sai dai kafin ya taimaki mutum sai ya yi masa karatu. Yakan ɗaga yatsu uku ya ce, "Abin da kake so, ka ajiye shi wuri uku." Ya faɗa a shago, ya faɗa a majalisar shayi, ya faɗa a cikin shirinsa na ranar Talata, har samarin gari suka daina kiransa Sama'ila, suka koma ce masa Wuri Uku. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Gaskiya ma daɗi yake masa.

Aikin da ya fi alfahari da shi shi ne hirarsa da Baba Tanko, tsohon masuncin da ya san tabkin kamar tsakar gidansa. Shekara biyu Sama'ila yana zuwa da ƴar na'urarsa ta ɗaukar murya, ya shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, tsohon ya yi ta bayani: inda tarwaɗa ke kwana, watan da karfasa ke ƙwai, kifayen da aka daina gani, shekarar da ruwa ya ja baya har mutane suka shuka kankana a inda ake jefa koma. Zama goma suka yi haka.

Zama na goma sha ɗaya ya zo cikin bazara, lokacin da ƙafafun tsohon suka kumbura. Da suka gama maganar kifi, Sama'ila ya kai hannu zai kashe na'ura, sai Baba Tanko ya riƙe masa yatsa.

"Bar ta tukuna. Abin nan naka, yana riƙe magana har bayan mai ita ya tafi?"

"Har jikokin jikokinka, Baba. Wuri uku nake ajiyewa."

"To akwai saƙon da zan bar wa yaron nan."

Kowa a unguwar ya san wane ne yaron nan. Shamsu ne, ɗan farin Baba Tanko, wanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, tare da Sama'ila. Shekara bakwai da suka wuce ya sayar da jirgin ubansa ba da saninsa ba, ya tafi haƙar zinariya a Jado, ko sallama bai yi ba. Tun daga ranar ba su yi magana ba. Kuma ko kafin wannan, Baba Tanko mutumin da ne, mai tsananin kunyar ɗan fari. Bai taɓa ɗaukar Shamsu a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Yaron nan ne, ko wancan, ko kai.

Sama'ila ya gyara makirufo, ya cire abin saurare daga kunnensa, ya matsa gefe. Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa don ladabi ya matsa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai kuma saƙonni a salularsa da yake son amsawa, kuma a ransa ya ce, tunda na'ura na ɗauka, me zai sa kunne ya wahala? Yana cikin rubuta amsa ya ji tsohon ya ce, "Shamsuddini." Ya ɗago da sauri, don bai taɓa jin wannan sunan a wannan bakin ba. Sai ya sake sunkuyawa. Sau biyu kuma sunan ya sake dukan kunnensa, sauran maganar ta wuce shi kamar iska. Da ya zo ya kashe na'ura, agogonta ya nuna minti bakwai da daƙiƙa goma sha biyu.

"Amana ce," in ji Baba Tanko. "Kada ka sa a rediyo. Hannunsa za ka ba."

Da ruwan farko ya sauka, Allah ya karɓi ransa. Ranar jana'iza aka samu Shamsu a waya, aka yi ta miƙa salula hannu zuwa hannu ana masa gaisuwa. Da ta iso wurin Sama'ila, ya ji muryar abokinsa ta dushe, sai tausayi ya kama shi, ya ce, "Ka yi haƙuri, Shamsu. Ya bar maka magana a wurina. Har sunanka ya kira, sau uku, da kunnena na ji."

Shamsu ya tambaya kamar bai ji daidai ba.

"Sunana? Baba?"

"Wallahi."

"Kada ka turo ta waya. Zan zo sadakar arba'in, in ji a gida."

Mako uku bayan haka aka yi hadari da yamma, tsawa ta faɗa kan eriyar tashar, ta bi waya ta ƙone ordinatar, wato kwamfutar da ke ɗakin watsa shiri. Daraktan tashar ya ɗora hannu a ka, Jamila mai karanta labarai ta yi ta salati. Sama'ila kaɗai ya yi murmushi, ya daki aljihun gabansa inda ƴar kile take, wato ɗan ƙarfen nan da bai kai yatsa ba da ake zuba ajiya a ciki.

"Ku da ba ku ji magana ku yi kuka," ya ce. "Ni Baba Tanko yana nan a aljihuna."

Ranar Laraba, saura kwana biyu arba'in, Inna Dije matar marigayin ta aiko cewa baƙon Jado ya sauka, a zo da muryar ranar Juma'a bayan la'asar, idan jama'a sun ragu. Sama'ila ya ari ƙaramar ordinatar Jamila, ya zauna a benci, ya soka kile. Ga jakar nan rawaya ta fito a fuskar ordinatar, an rubuta TANKO a ƙasanta. Ya danna. Na'urar ta ce ba ta ga abin da ake nema ba. Ya cire, ya hura bakin kile, ya sake sokawa. Amsa ɗaya.

Sai idonsa ya sauka kan wata ƴar kibiya lanƙwasassa a kusurwar jakar. Ya san wannan kibiyar. Shi da kansa ya koya wa mutane ita. Rakursi ke nan, alama ce kawai da ke nuna inda ainihin jaka take, kamar allon bakin hanya da aka rubuta wa Maraɗi, alhali garin yana can gaba. Ainihin jakar tana can cikin ordinatar da ta ƙone. Shi ya yi wannan alamar a fuskar na'urar don ya riƙa shiga da sauri, kuma ranar da ya sayi kile, alamar ya jawo ya zuba, ba jakar ba. Ya tuna ranar sarai. Kafin ya ɗauke hannu an gama kwafa, shi kuwa ya ce, "Kai, wannan kile akwai sauri!" Magana ta awa da awanni ta shige cikin ƙiftawar ido, bai tambayi kansa ta yaya ba. Duk zaman da ya biyo baya, yakan zuba a ordinata, ya soka kile, ya ga jakar tana nan, ya cire. Ko sau ɗaya bai buɗe ya saurara ba.

Saura wuri na uku, ɗan katin da ke cikin na'urar ɗaukar murya. Amma wannan ya riga ya san labarinsa. Tunda a ganinsa akwai ajiya biyu, ya goge shi tun cikin bazara, ya ɗauki sanarwar allurar dabbobi a kai, ya goge, ya ɗauki kokowar Safo, ya goge, ya ɗauki taron meri, wato ofishin magajin gari.

Jamila ta leƙo ta kafaɗarsa. Ta dubi kibiyar, ta dube shi.

"Wuri Uku," ta ce a hankali, ba da zolaya ba. Da ta zolaye shi ma da ya fi masa sauƙi.

Washegari da sassafe ya cire diskin ordinatar da ta ƙone, wato ma'ajiyar da ke cikinta, ya naɗe a tsumma, ya hau moto zuwa Maraɗi wurin Garba mai gyara. Garba ya shinshina diskin kamar mai sayen daddawa.

"Wanga ai ya gasu, Sama'ila. Yaji kawai ya rage."

"Don Allah bar wasa, Garba. Gwada."

Ya gwada. Ya haɗa shi da na'ura uku, ko motsi bai yi ba. Ya buɗe murfin allon da ke bayansa, ya nuna masa baƙin tabo kamar inda aka kashe sigari, sannan ya girgiza diskin kusa da kunnensa, suka ji wani abu na ƙara a ciki. Suka koma kan katin. Awa biyu na'urar Garba tana tono, ta fito da ihun ƴan kallon kokowa, da rabin jawabin wani kansila, da muryar Sama'ila yana cewa, "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu." Ko tarin Baba Tanko babu.

"Kai da ke mana wa'azi a rediyo," in ji Garba yana mayar da sukurori. "Matata ma ta sa na sayo mata kati na biyu saboda kai. To mi ne ne a ciki haka, da ka yi zuru-zuru?"

Da Sama'ila ya gaya masa, dariyar ta bar fuskar Garba. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

"Ka ce tsawa ce. Ai ba ƙarya ka yi ba, tsawar ta faɗo. Wa zai yi faɗa da ikon Allah?"

Wannan shawarar ta raka Sama'ila har gida. Tana da daɗin ɗauka. Gari duka ya ji faɗuwar tsawar, kuma Inna Dije ba ta san kile ba, balle rakursi. Za a ce Allah ya ƙaddara, a shafa fatiha, a tashi.

Ya tarar da matarsa Zahara'u a tsakar gida tana buɗe wani jiƙaƙƙen tsumma a kan faifai. Ƙwayoyin wake ne goma a jere, takwas sun tsiro.

"Na wurin innata ne, na Safo," ta ce. "Na gidan nan ƙwari sun shiga, biyu kaɗai suka fito. Gara da na duba kafin in kai gona in sha kunya." Sai ta lura da fuskarsa. "Lafiya? Ko abinci ba ka tambaya ba."

Ya zauna a kan turmi ya gaya mata duka, har da shawarar Garba. Ta saurara tana naɗe tsummanta.

"To, kai ka san aikinka," ta ce. "Ni dai abin da na sani, kai ka kira mutumin nan daga Jado, ba tsawa ba. Kwana tara ya yi a bayan mota."

"Idan na faɗi gaskiya, da wane ido zan sake duban mutanen garin nan?"

"Da wanda za ka dubi Inna Dije duk ranar kasuwa in ka yi mata ƙarya. Tashi ka ci tuwo."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya doshi gidan marigayin, na'urarsa a jaka don sabo. An kwashe tabarmin sadaka, saura ɗaya a gindin dogon yaro, daidai inda suke zama da tsohon. Shamsu na zaune a kai. Rana ta ƙona shi, ya rame, gemunsa ya fara fari. Ya tashi ya rungume Sama'ila.

"Wuri Uku! Har Jado labarinka ya kai. Ka yi ƙiba, mutumina, rediyo ta karɓe ka."

Ya sayo sabuwar ƴar lasifika a Agadas, har ledar ba a gama ɓarewa ba, ya ajiye ta a tsakiyar tabarma. Inna Dije ta fito da mayafin takaba, ta zauna a bakin zana, nesa kaɗan da ɗanta, ba ta dube shi ba.

"Sannu, ɗan rediyo. Ka zo da shi?"

Sama'ila ya buɗe baki, kalmar tsawa tana kan harshensa. Ya dubi lasifikar nan sabuwa. Ya dubi wurin da tsohon ke jingina, inda bayansa ya goge ɓawon itacen har ya yi sulɓi. Sai ya sauka daga tabarmar ya durƙusa a ƙasa.

"Inna, Shamsu, ban zo da shi ba. Maganar ta ɓata."

"Tsawar nan ko?" in ji Inna Dije. "Mun ji ta har nan."

Ga ƙofa an buɗe masa da hannun wadda ya zo yi wa ƙarya.

"Tsawa ta ci ɗaya, Inna. Sauran biyun ni na ci su. Ɗaya na goge da hannuna. Ɗayan kuma tun farko ba komai a ciki, shekara biyu ina yawo da shi a aljihu ban taɓa buɗewa na saurara ba. Ba ƙaddara ba ce kaɗai, sakacina ne."

Shamsu bai yi ihu ba. Ya kai hannu ya kashe lasifikar, ƴar fitilarta shuɗiya ta mutu.

"Duka?"

"Duka. Zama goma sha ɗaya."

"To kai ai ka ji. Ka ce da kunnenka ka ji. Faɗa mini abin da ya ce."

Wannan ce tambayar da Sama'ila ya fi tsoro tun Laraba. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Sunanka kawai na ji. Na matsa gefe, ina duba salula. Na ce tunda na'ura na ɗauka..."

"Salula." Shamsu ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Shekara talatin da takwas ina jira mutumin nan ya buɗe baki, ranar da ya buɗe kai kana duba salula. Ka san ko a lakwal, ranar da aka ce uba ya zo ya rubuta sunan ɗansa, ƙanensa ya turo?"

Wata akuya ta zo ta shinshina jakar Sama'ila, ba wanda ya kore ta. Shamsu ya fara mayar da lasifikar cikin ledarta.

"Ajiye abin nan, kai," in ji Inna Dije, idonta a kan ƙasa. "Ni na ji."

Duka suka juyo.

"Ina bayan zanan ga ina banda kifi. Mutum ya yi shekara hamsin yana magana a gidana, sai ranar da zai faɗi mai amfani in toshe kunne? Har kifin ya ƙone ban tashi ba. Kullum bayan asuba sai na maimaita, don kada ta zube mini. Ni ban yarda da akwatin da ba a ganin cikinsa ba."

"Inna," Shamsu ya ce, "ke ko bai faɗa ba za ki ce ya faɗa, don ki sanyaya mini rai."

"To ga shaida nan durƙushe. Minti nawa ya yi, ɗan rediyo?"

"Bakwai da daƙiƙa goma sha biyu."

"Sa agogonka. In na ƙara ko na rage, za ka gani." Ta gyara mayafinta. "Amma akwai wuri uku da bakina ba zai iya ba. Shi da ya ga kabari ya iya. Ni har yanzu da sauran kunyata. In na kai wurin zan tsaya, kai ka cika."

Sama'ila ya gane. Ita ma ɗan farinta ne, ita ma ba ta taɓa kiran sunan ba. Ya ciro na'urar, ya dubi Shamsu yana neman izini. Shamsu ya ɗaga kafaɗa. Sama'ila ya saka abin saurare a kunnuwansa biyu, ya kashe salularsa gaba ɗaya, ya kife ta a ƙasa inda kowa ke gani.

Inna Dije ta rufe ido. Ta ɗaga yatsa, ta tsaya tun kafin ta fara.

"Shamsuddini," in ji Sama'ila.

"Ni ne ubanka," ta ɗora, kuma har yadda tsohon ke jan numfashi tsakanin magana ta ɗauko. "In kana jin wannan, to an rufe ni. Maganar jirgi nake so in kashe. Jirgin nan dama yoyo yake, kwalta na liƙe shi da ita ta ƙasa. Ba ni ka cuta ba, Hamisu ka cuta da ka sayar masa. In ka zo ka je ka ba shi haƙuri, sau biyu yana nutsewa da shi."

Wani sauti ya kuɓuce wa Shamsu, rabi dariya rabi kuka. Ya rufe bakinsa da hannu.

Ta ci gaba. Tsohon ya ce ba jirgin ya ƙona masa rai ba, fitar da aka yi ba sallama ce, alhali yana zaune a ƙofar gida yana ɗinkin koma, yaron ya wuce ta bayan gida. Ya ce da yaron ya nemi izininsa da ya hana, gaskiya ne, amma da ya hana na kwana uku ya bari. Ya ce duk motar da ta taso daga arewa sai ya je tasha ya yi kamar goro ya je saye. Ta sake ɗaga yatsa.

"Shamsu," in ji Sama'ila.

"Kada ka dawo sana'ar su don tausayina. Ruwan ya ragu, kifin ya ragu, ka yi abin da ke ciyar da kai. Amma gorata da komata suna rataye a rumbu, naka ne, kada a ba kowa. Ɗakin uwarka na zuba ta gabas. Ta fi ni taurin kai, ba za ta faɗa maka ba."

"Wannan ƙari ne ya yi," ta ce da muryarta ta kanta, sannan ta koma. Ta kawo addu'ar da ya yi, da mutanen da ya ce a gaisar, da inda ya tsaya ya yi tari. A ƙarshe ta ɗaga yatsa karo na uku.

"Shamsu," in ji Sama'ila, da ƙyar.

"Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini, ban iya magana ba. Kashe abinka, yaro, na gama."

Sama'ila ya kashe. Ya juya fuskar na'urar ga Shamsu: minti bakwai da daƙiƙa talatin.

"Jiran da na yi maka ne ya ƙara," in ji Inna Dije. Ta tashi ta shige bayan zana, suka ji tana fyace hanci.

Shamsu ya daɗe fuskarsa cikin hular da ya cire. Da ya ɗago, bai dubi Sama'ila ba, tabkin da ke hango ta saman katanga ya duba.

"Ba muryarsa ba ce."

"Ba ita ba ce. Kuma ba zan iya dawo maka da ita ba har in mutu."

"Yaya ya faɗe shi? Na farkon."

Sama'ila ya rufe ido ya nemo abu ɗaya tilo da kunnensa ya riƙe a ranar.

"A hankali. Ya raba shi uku, Sham, sud, dini, kamar mai koyon karatu a allo. Ya ɗan tsaya bayan ya faɗa, kamar yana jin ɗanɗanonsa. Na biyun ya fi sauƙi. Na ukun ban ji wata wahala ba ko kaɗan."

Shamsu ya gyaɗa kai. Bai ce ya yafe ba, Sama'ila kuma bai roƙa ba.

Kafin magariba Sama'ila ya zuba maganar Inna Dije a salular Shamsu, suka saurara tare daga farko har ƙarshe. Ya wuce gidan Jamila ya zuba a ordinatarta, ya buɗe, ya saurara har ƙarshe, tana tsaye tana kallonsa. Ranar Asabar ya hau moto da kati na uku a cikin gwangwanin madara, ya kai Safo wurin surukarsa, ta ajiye masa kusa da irin wake. Ya rubuta a murfin gwangwanin ranar da zai dawo ya sake saurara.

Ranar Talata, da lokacin shirinsa ya yi, tashar na aiki da ordinatar aro. Ya zauna gaban makirufo, ya ɗaga yatsu uku don sabo, ko da yake ba mai ganinsa sai Jamila ta bayan gilashi. Ya dube su, ya sauke.

"Jama'ar Madarumfa, assalamu alaikum. Yau ba karatu zan yi muku ba. Hirar Baba Tanko da na yi muku alkawari, ta awa goma sha huɗu, na ɓatar da ita, kuma zan gaya muku yadda aka yi dalla-dalla, don kada wani ya bi sawuna. Bayan haka ina roƙo. Duk masuncin da ya taɓa zama da shi, duk wanda ya riƙe ko sunan kifi ɗaya daga bakinsa, ya faɗa mini inda yake, ni zan zo."

Da ya fito bayan shiri, ya tarar da Shamsu zaune a bencin ƙofar tasha, da tsohuwar gora a gefensa, da wani dattijo mai ɗingishi yana ta faɗa da hannu.

"Ga Hamisu," in ji Shamsu. "Na ba shi haƙuri, ya ce bai karɓa ba sai an sa shi a rediyo. Ya ce shekara arba'in suna su tare da Baba, kuma rabin abin da Baba ya gaya maka a wurinsa ya ji. Ɗauko akwatinka. Salular kuma ba ni ita nan, ni zan riƙe."

Sama'ila ya ciro ta ya miƙa masa da hannu biyu.